Wata Talatin da Shida

Duk yaron da ya tashi a New Bell ya san ƙarar jirgin sama tun kafin ya san karatu. Gidanmu yana unguwar Hausawa, ba nisa da babban masallaci, filin jirgin Duwala kuma kusa yake da mu, har akwai ɓangaren da ake kira New Bell Aviation. In babban jirgi ya tashi da dare, kwanon rufin ɗakinmu har rawa yake yi. Mu mun saba, ko juyi ba ma yi a kan tabarma. Ƙanena ne kaɗai bai taɓa sabawa ba. Tun da muka raka maniyyata filin jirgi ya ga Mont Cameroun, ƙaton Boeing 747 ɗin da Cameroon Airlines ya samu a 1981, ya ce shi matuƙi zai zama. Baba ya yi dariya, ya ce Allah Ya sa albarka. Da yaron ya gama sakandare da sakamako mai kyau a lissafi, dariyar ta koma shawara ta gaske.

Ni ne babba, ni ke zaune a shagon atamfarmu na Kasuwar Congo, don haka ni aka ɗora wa tara kuɗin. Inna ta shiga adashi, Baba ya rage sari. Mun samo takardar wata makarantar tuƙi a Faransa, farashinta a rubuce da kuɗin Faransa, muka lissafa a kan sefa 50 kowane faran guda, muka ga mun kusa.

Daren 11 ga Janairun 1994 muna zaune a ƙofar gida, hayaƙin tsire na tasowa daga bakin titi, rediyo ta ce shugabanni sun taru a Dakar an karya darajar sefa. Da gari ya waye faran guda ya zama sefa 100. Na buɗe akwatin ƙarfen, kuɗin na nan yadda na ɗaure su da roba, ko takarda ɗaya ba ta ɓace ba, amma rabin makarantar kawai za su iya biya. Ƙanena ya tsaya a kaina yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne, “Yaya, mu sake farawa.”

Muka sake farawa. Ya samu aikin rubuta kaya a tashar jiragen ruwa, abin da ya rage masa a ƙarshen wata ya kai shi ga masu ƙaramin jirgi ya sayi awa guda a sama, har ya samu ƙaramin lasisin da ba a cin abinci da shi. Da dare kuma karatu, da tsofaffin littattafan Faransanci da ruwan damina ya kumbura su, domin a New Bell in Agusta ta zo, ruwa har ƙarƙashin gado yake shiga.

Ranar 3 ga Disamban 1995 jirgin da ya taso daga Kwatano ya faɗa cikin dausayin da ke bayan filin jirgi, mutum 71 suka rasu. Har yau ina jin jiniyar motocin asibiti na wannan dare, da yadda unguwa ta fito ƙofar gida ba mai cewa komai. Inna ta kwana a kan sallaya. Da safe ta riƙe hannun ɗanta ta ce, “Ɗan nan, ka bar mini wannan abu.” Ya durƙusa ya ce, “Inna, ajali ba ya tambayar sana'a. Ki yi mini addu'a in iya da kyau.” Ta yi shiru, ba ta hana ba, amma daga ranar in jirgi ya wuce sai na ga leɓenta na motsi.

Da kuɗi suka sake taruwa, sai ƙa'idar ta sauya. A Yulin 1999 Faransa ta bi sabon tsarin lasisi na haɗin gwiwar ƙasashen Turai. Littattafan da ya sha wuya a kansu suka zama tsohon yayi. Jarrabawar babban lasisi ta zama takarda 14: dokokin sama, yanayi, injin jirgi, nauyi da daidaito, sanin hanya, magana da hasumiya, har da yadda gajiya da ruɗu ke yi wa jikin ɗan Adam. Kowacce sai an ci kashi 75 cikin ɗari. Ba a zama takarda ɗaya fiye da sau 4, kuma dole a gama duka cikin wata 18. Abin da ya fi yi mana nauyi shi ne, ba dama mutum ya yi karatu a ɗakinsa ya je ya zauna, sai ya bi ta makarantar da hukuma ta amince da ita, ya biya kuɗinta.

Baba ya sayar da filin da ya saya don ya gina mana gida nesa da ambaliya. Ƙanena ya tafi. Ya ci duka 14. Ranar da ya bugo waya, muka yanka rago, maƙwabtanmu Bamileke da Basa suka shigo suna taya mu murna, mata na guɗa. Ni a zatona an gama.

Ga abin da ban gane ba a lokacin, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa, kayan da za su shekara a kan kanta ba su lalace ba. Ashe wannan sakamako irin tumatir ne. Wata 36 aka ba shi. A cikinsu dole ya cika awa 200 a sama ya karɓi lasisin sana'a, ya kuma ci gwajin tuƙi da na'ura kaɗai, wato tafiya cikin gajimare ba ka ganin ƙasa ba ka ganin sama. Wannan na ƙarshen shi ne mafi tsada, kuma yanzu da yuro ake biya, kowane ɗaya sama da sefa 655. Ni kuwa ina aika kuɗi yadda kasuwa ta bayar, in an yi ciniki lokacin sallah in tura, in damina ta kashe kasuwa in ce ya yi haƙuri. Shi kuma kunya ta hana shi matsa mini, ya san an sayar da fili. Yana wanke kwanuka a gidan abinci, yana sayen awa ɗaya-ɗaya. Ya samu lasisin sana'a. Gwajin na'urar ne bai kai ba.

Wani dare aka kira ni rumfar waya. Muryarsa a daidai take, abin da ya fi tsorata ni ke nan. “Yaya, lokaci ya ƙure.” Na ce wane lokaci, ai ka ci. Ya ce, “Sai an sake zama, sai an sake biya.” Na fito ina tafiya a cikin taɓo, 'yan acaɓa na yi mini hon, ban san na wuce layinmu ba sai da na ga katangar gidan yari. Abin da nake tunani kawai shi ne da wane baki zan faɗa wa Baba.

Na daɗe ina jin haushin waɗannan dokoki. Abin da ya sassauta zuciyata shi ne daren 5 ga Mayun 2007, da jirgin Kenya Airways ya tashi daga Duwala cikin hadari ya faɗi a Mbanga Pongo da mutum 114, ba wanda ya tsira. Rahoton bincike ya nuna matuƙin ya ruɗe a cikin duhu, ya kasa gane yadda jirgin ya karkata. Ƙanena, wanda ya riga ya dawo gida, ya ce mini, “Ka ga abin da gwajin nan yake karewa ke nan. Ba mugunta ba ce.” Mutumin da dokar ta kayar shi ne yake kare ta a gabana.

A Maris na 2008 ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ta wajabta wa matuƙan jiragen ƙasa da ƙasa su ci gwajin Ingilishi aƙalla mataki na 4 cikin 6, wani sabon kuɗi ga wanda ya yi karatunsa da Faransanci. A watan nan kuma Cameroon Airlines ya daina tashi, matuƙa masu dubban awanni suka zauna a gida. Kafin Camair-Co, kamfanin da ya maye gurbinsa, ya fara aiki a 2011, shekarun ƙanena sun ja, ga iyali. A Amurka ma, bayan haɗarin jirgin da ya faɗi kusa da Buffalo a 2009, sun ɗaga sharaɗin mataimakin matuƙi zuwa awa 1,500 a 2013. Ko'ina matakalar ƙara tsawo take yi.

Yau ƙanena yana aiki a ƙasa, shi ke shirya wa matuƙa lissafin mai da nauyi da hanya kafin su tashi, kuma suna girmama shi. Ban ce a sassauta jarrabawa ba, na ga abin da ake tsoro da idona. Abin da nake cewa shi ne wannan kaya ya fi ƙarfin gida guda. Ku iyayen da ɗanku ya ce zai tuƙa jirgi, kada ya zauna takardar farko sai kuɗin gwajin ƙarshe na hannu, ku kuma tambayi wa'adin kowace takarda a rubuce. Ku duba makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda take nan tun 1964 kuma ta fi mu kusa da Faransa, ku tambayi hukumar jiragen sama ta Kamaru yadda ake amincewa da lasisinta. Attajiranmu na Duwala kuma, da kuke gina masallatai kuna kai mutane hajji, ku haɗa asusu ku ɗauki yaro ko da guda ɗaya, tun daga awarsa ta farko har ya zauna a kujerar matuƙi.