Baƙon da Aka Haifa a Gida

A shekarar 2001 Isao Yukisada ya shirya wani fim mai suna GO, wanda aka gina a kan littafin Kazuki Kaneshiro. Labarin wani saurayi ne, Sugihara. A Japan aka yanke masa cibiya, a nan ya tashi, da Japananci yake faɗa, da shi yake zance. Amma a takarda shi ba ɗan ƙasa ba ne, domin asalin gidansu Koriya.

Tarihi ne ya jawo haka. Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, Koriyawa masu yawa suka ƙetaro, wasu neman abinci, wasu kuwa tilas aka kwaso su aikin haƙar ma'adinai. Bayan yaƙi kimanin 600,000 suka zauna, a 1952 kuma aka raba su da matsayin 'yan ƙasa. Dokar Japan jini take bi, ba wurin haihuwa ba. Su da jikokinsu ana kiransu zainichi, wato mazauna Japan, kamar dai baƙin da gobe za su ɗaure kaya.

Sugihara ya gāji dambe daga mahaifinsa, duk wanda ya zage shi sai ya sha naushi. Wannan dambe yana ƙayatar da mai kallo, amma ba a nan nauyin fim ɗin yake ba. Nauyin yana cikin daren da ya gaya wa budurwarsa Sakurai asalinsa, bayan ya daɗe yana ɓoyewa. Yarinyar ba muguwa ba ce, kuma tana sonsa. Duk da haka jikinta ya yi sanyi, ta ja da baya, domin tun tana ƙarama mahaifinta ya gaya mata jinin Koriyawa ba shi da tsabta. Ba wanda Sugihara zai nausa a ɗakin nan. Sai ya fita.

A ƙarshe Sakurai ta dawo, shi kuma ya ƙi yarda a kira shi zainichi ko wani suna da ba shi ya zaɓa ba. Gaskiya sulhun ya zo da sauƙi fiye da kima. Abin da ya fi zama a zuci shi ne abokinsa Jong-il, yaro mai son karatu, wanda aka daɓa wa wuƙa a tashar jirgin ƙasa yayin da yake kare wata ɗaliba mai sanye da kayan makarantar Koriyawa.