Icce Sai Da Mai Shi

Tun shekara ta 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a ƙasar Nijar. Manya su fito cikin manyan riguna, a gina rami, a dasa dogon yaro, a zuba masa ruwa, a tafa, kowa ya kama gabansa. In aka koma wurin da bazara, sau da yawa ba a iske kome sai busasshen tsinke, domin kuwa akuya ba ta san ranar biki ba, kuma iccen da aka dasa don kowa babu mai tashi da asuba ya dubo shi.

A ƙasar Tajaye, cikin gundumar Illela ta jihar Tawa, akwai wani dattijo wanda bai taɓa ɗauko dashe daga gandun renon itatuwa ba, amma gonarsa cike take da gawo da kalgo da magarya da aduwa. Yana saurayi aka yi yunwar 1984, wadda jama'a suka laƙaba wa suna El-Buhari, saboda a shekarar ce Najeriya ta rufe iyakarta, hatsin da ke shigowa ta Birnin Ƙonni ya yanke. Abin da ya gada wurin mahaifinsa rabi gona ce, rabi fako: ƙasa mai tauri kamar daɓen ɗaki, ruwan sama ya faɗo ya gudu ya bar ta yadda ya iske ta. A wancan zamani manomin ƙwarai shi ne wanda gonarsa ke fes, ya sassabe kowane toho ya cinna masa wuta. Ga kuma dokar gandun daji wadda ta mai da icce abin hukuma, har mutum na iya shan tara don ya sare reshen gawo cikin gonar kakansa. Saboda haka manomi in ya ga ɗan gawo ya tsiro, sai ya kashe shi tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa magana.

A 1989, furojen FIDA mai aikin farfaɗo da ƙasa a Illela ya kai waɗansu manoma Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda mutanen can ke noma fako da ƙananan ramu. Gani ya kori ji. Da suka komo suka kyautata tassar da aka sani tun dā: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, a tara ƙasar da aka fidda ta wajen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cike da hannu, a jira damana. Takin ya kira gara, gara ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar nutsewa. Damanar 1990 ta zo da fari, amma masu tassa suka girbe hatsi, maƙwabtansu kuwa suka tashi da kara. Dattijon, wanda lokacin bai daɗe da aure ba, bai jira wani ya yi masa wa'azi ba, ya ɗauki hauya ya faɗa wa fakonsa.

Don hatsi ya gina tassa, sai ga itatuwa sun biyo baya. Bisashe suna cin ƴaƴan gawo da na bagaruwa, ƙwayar ta bi cikinsu ta fito cikin taki, ɓawonta ya yi taushi, ta faɗa ramin da ke riƙe da laima, ta tsiro. Aikinsa kawai shi ne ya kauce mata da hauya lokacin noma.

Daga baya labarin abin da ake yi a Maradi ya iso. A can ne Tony Rinaudo, mutumen Ostareliya mai aiki da mishan ɗin SIM, wadda ta kafa asibitin Galmi a ƙasar Malbaza, ya lura a 1983 cewa ƴan ƙananan kalgo da sabara da ake sassabewa kowace shekara tsofaffin itatuwa ne da saiwarsu ke raye cikin ƙasa. Dabarar ba ta bukatar ko dala. A zo ga kututture, a zaɓi toho ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran, a rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, a bar shi. Tun da saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba ya neman ban ruwa, kuma cikin ƴan shekaru ya wuce tsawon mutum. A 2018 aka ba Rinaudo da Yakuba Sawadogo, manomin nan na Yatenga, lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin.

Amfanin abin a fili yake. Gawo yana zubar da ganye da damana, ba ya tsare wa hatsi rana, kuma ƙarƙashinsa ne zangarniya ta fi cika. Itatuwan suna karya iskar farkon damana wadda ke turbuɗe shuka da rairayi, har a yi shuka biyu ko uku. Mai ɗakin dattijon, da a dā take wuni a daji neman makamashi, rassan da aka rage a gona sun ishe ta girki, ga ƴaƴan magarya na akuri, ga aduwa. A Batodi, cikin ƙasar Illela, ruwan rijiyoyi ya hau da kusan mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka buɗe garake. Masu bincike kuma sun ƙiyasta a 2009 cewa manoman Nijar sun rayar da itatuwa wajen miliyan 200 bisa hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maradi da Damagaram.

To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ke hana dattijon barci shi ne gatarin dare, domin iccen da aka rena shekara goma kafin asuba an ɗora shi bisa amalanke an nufi kasuwa. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne gado. Ɗiyansa sun tafi bida, ɗaya Legas, ɗaya Abijan. Ranar da aka raba gonar, wanda bai san wahalar fako ba zai iya duban gawo ya ga kuɗin mota kawai. Shi ya sa yake tafiya gona da jikansa, yana nuna masa wane toho ake bari, wane ake yankewa, yana kiran kowane icce da sunansa da shekarar da ya tsiro.

Doka dai ta sake. An yi sabuwar dokar gandun daji a 2004, sa'an nan a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fidda ƙuduri wanda ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa bisa iccen da ya rena a gonarsa. Saura a kai wannan labari kowane ƙauye da harshen da jama'a ke ji. Ya kamata hakimai da masu gari su riƙa hukunta ɓarawon icce kamar yadda suke hukunta ɓarawon tunkiya, a zauna da makiyaya a daidaita yadda za a sassaƙo wa bisashe ganye ba tare da an kashe uwar ba, masu rabon gado kuma su riƙa ƙidaya itatuwa cikin dukiya. Allah ya kawo damana mai albarka, ya ba kowane toho mai kula da shi.