Masu ƙirga ƙusa da masu ɗaukar zarto

A ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu na kowace shekara, birnin Nuremberg na ƙasar Jamus kan karɓi baƙuncin babban baje kolin kayan wasa na duniya, wanda aka fara tun 1950. A irin wannan lokaci ne kamfanonin da ke ƙera ƙananan jiragen ƙasa suka saba fitar da kundin sababbin kayansu. Kundin ba ya kwana sai an bi shi shafi-shafi. Masu wannan bin diddigi yawanci magidanta ne da dattawa 'yan fansho, waɗanda suka shimfiɗa digar jirgi a lambun bayan gida, tana ratsa ciyawa da furanni, tana haye 'yar gada. Da zarar sun ga sabon kan jirgi sai ƙorafi ya tashi: tsawonsa ya gaza, tagogin sun yi faɗi, fentin ya yi sheƙi, kuɗin ya yi yawa. Bayan 'yan watanni kuma su ne za su saye shi, wasunsu su kwance shi, su sa masa zarto.

Na daɗe ina bibiyar wannan al'umma ta mujallunsu da bidiyon tarukansu, kuma abin da ya riƙe ni shi ne wannan ɗabi'a mai kama da rashin godiya. Ra'ayina shi ne ƙorafin da zarton tushensu ɗaya. Mutumin da ya san abu ciki da bai shi ne yake ganin aibinsa, kuma shi ne yake da ƙarfin halin gyara shi.

Domin a fahimci rigimar sai an koma 1968, shekarar da kamfanin Ernst Paul Lehmann ya fito da jirgin da ya sa wa suna LGB, wato babban jirgin Lehmann. 'Yan'uwa biyu, Eberhard da Wolfgang Richter, su ne ke riƙe da kamfanin. Sun yi digar da tagulla, jikin jirgin kuma da roba mai jure rana da ruwan sama, ta yadda za a bar shi a waje. Kan jirginsu na farko, Stainz, kwaikwayo ne na wani ɗan ƙaramin jirgin tururi na ƙasar Ostiriya. Faɗin digar milimita 45 ne, ma'aunin kuwa 1:22.5, ma'ana kowace santimita ɗaya a jikin samfurin tana wakiltar santimita 22.5 a jikin jirgin gaske. An zaɓi wannan lissafi ne domin ya dace da layukan dogo masu faɗin mita ɗaya, irin na tsaunukan Suwizalan.

Digar ta karɓu, sauran kamfanoni suka hau kanta, amma kowa ya zo da nasa mudun. Jirgin da ke bin layi mai faɗin milimita 1,435, wanda shi ne ya fi yawa a duniya, ma'auninsa na gaskiya a kan wannan diga 1:32 ne. Kamfanonin Amurka irin su Aristo-Craft da USA Trains suka ga jirgin 1:32 yana ƙanƙancewa idan an ajiye shi kusa da na LGB, sai suka ɗauki 1:29, wanda ya kumbura jirgin da kusan kashi goma cikin ɗari. Masu son jiragen tsaunukan Kolorado, masu faɗin ƙafa uku, suka dage a kan 1:20.3. Sakamakon haka, mutum mai tsawon mita 1.75 yakan zama milimita 55 a wani ma'aunin, ya zama milimita 86 a wani, kuma dukansu ana sayar da su a matsayin mazauna gari ɗaya. Wanda ya haɗa tarago biyu daga kamfanoni biyu zai iya tarar da ƙofar ɗaya ta kai rufin ɗayan.

Akwai kuma matsalar kwana. Mafi matsatsiyar kwanar LGB tana da nisan milimita 600 daga tsakiyar da'ira. Idan aka ninka da 22.5 za a samu mita 13 da rabi. A layin Bernina na Suwizalan, wanda ya yi suna wajen matsattsun kwanoni, mafi tsanani ita ce mai mita 45, wadda a lambu za ta buƙaci mita biyu cur. Ba kowa ke da irin wannan fili ba. Domin jirgi ya iya juyawa a ɗan tsakar gida, sai masu ƙira su rage masa tsawo, su ɗaga shi kaɗan, su bar ƙafafunsa suna wasa. Jamusawa masu wannan sha'awa suna yi wa abin ba'a da cewa da ma'aunin roba aka auna shi, wanda ake ja yadda aka ga dama.

Daga nan jama'ar suka rabu gida biyu. Akwai waɗanda ake yi wa laƙabi, da Jamusanci da Ingilishi duka, masu ƙirga ƙusa: za su ɗauko zanen jirgin na asali da tsofaffin hotuna, su lissafa ƙusoshin jikin tukunyar tururi, su ce an rage uku. Akwai kuma masu bin abin da suke kira ƙa'idar ƙafa goma: in ka tsaya nesa da taku goma jirgin ya yi maka kyau, to ya wadatar. Na farkon suna ganin na biyun sun mayar da tarihi abin wasa. Na biyun suna ganin na farkon sun manta cewa ai wasan ne ya tara su.

Shi ma kamfani yana da nasa uzurin. Jikin jirgi ana zuba shi ne a mazubin ƙarfe, kuma sassaƙa sabon mazubi shi ne ya fi komai cin kuɗi a wannan sana'a. Kasuwar kuwa ƙarama ce. Saboda haka yawancin abin da ake kira sabo a kundin shekara tsohon jiki ne da aka sauya wa fenti da lamba. Masu saye sun san wannan sarai, shi ya sa tambayarsu ta farko ita ce: sabon zubi ne ko sabon fenti? Idan sabon zubi ne a yi murna, sannan a fara ƙirga ƙusa. Idan sabon fenti ne a yi tsaki, sannan a duba aljihu.

Gyare-gyaren da suke yi suna da matakai, kuma kowane mataki amsa ce ga wata matsala ta zahiri. Mafi sauƙi shi ne sauya maƙalar da ke haɗa tarago da tarago. Ta kamfani ƙugiya ce da zobe na roba, mai aminci amma ba ta kama da ta gaske, don haka masu jiragen Amurka sukan maye ta da irin ta kamfanin Kadee, mai siffar dunƙulallen hannu. Sai ƙafafun roba, waɗanda kan bar datti a kan diga, a cire su a sa na ƙarfe. Sai batun wuta. A tsarin asali lantarki ta diga yake bi ya shiga jirgi, amma tagullar da ke kwana a waje tana dusashewa, ga ƙura, ga ganye, ga kashin tsuntsu, sai jirgi ya riƙa tsayawa yana shaƙewa. Maganin da da yawa suka zaɓa shi ne su yanke wayoyin da ke ɗauko wuta daga ƙafafu, su ɓoye batir a cikin taragon gawayi, su riƙa tuƙi da rimot. Wasu jiragen kuma an san su da haƙorin giya na roba da ke tsagewa bayan 'yan shekaru, har ƙananan masu sana'a suka samu abin yi wajen ƙera madadinsa.

Mataki na gaba ya fi ban mamaki ga baƙo. Mutum zai sayi jirgi fes daga kwali, ya bi shi da fentin tsatsa da baƙin hayaƙi da dabbaren mai, domin jirgin aiki na gaske ba ya zama da tsabta. Na ƙarshe shi ne yanka: a raba jikin jirgi biyu, a ƙara masa tsawo, a ɗauko ɗakin direba daga wani jirgin, a haɗa da gam da noti, har a fitar da jirgin da babu kamfanin da ya taɓa ƙerawa. A Ingila ma akwai masu jiragen tururi na gaske, irin na kamfanin Roundhouse da ke Doncaster, waɗanda ake zuba wa ruwa a kunna musu gas, kuma su ma ba su tsira daga magagari da fenti ba.

A nan ne abin ya taɓa ni. Ina cikin waɗanda suka tashi suna ƙera mota da karan dawa, ana fere ɓargon a yi taya, a soke da tsinke. Manyanmu kuma suna yanka gwangwanin madara su yi ta langa-langa mai sitiyari da dogon sanda. Yaron da ya fi kowa iya ƙira a unguwa shi ne wanda ya fi kowa zuwa bakin tasha ya ƙura wa motoci ido, kuma shi ne mai saurin kushe motar wani: ina ka taɓa ganin tirela da taya huɗu? Ba mu ɗauki wannan a matsayin baƙin ciki ba, domin in ka miƙa masa motar zai gyara. Dattijon da ke ƙirga ƙusa a Jamus wannan yaron ne, sai dai shi da kuɗin fansho yake wasansa.

Abin da ke cikin haɗari yanzu shi ne wannan ƙarfin hali na buɗe abu. Kamfanin Lehmann ya durƙushe a 2006, Märklin ya sayi sunan LGB a 2007, aikin ƙira ya bar Nuremberg, akasarinsa ya koma Győr ta ƙasar Hangari. Shi ma Märklin ya shiga halin karayar arziki a 2009 kafin ya samu sababbin masu shi a 2013. A ƙarshen wannan shekarar Aristo-Craft ya rufe. Mujallar Garden Railways, wadda Marc Horovitz ya kafa a 1984, ta daina fitowa a takarda a 2020. Da kasuwa ta matse, sai kamfanoni suka karkata ga kaya masu tsada da ake ƙera kaɗan. Manyan kawunan jirgi na yau suna zuwa da 'yar kwamfuta a ciki, mai fitar da ƙarar tururi da usur da sanarwar tasha, kuma da yawansu sun haura Yuro 1,000. Wa zai sa wa irin wannan zarto? Buɗe shi ma kan iya zubar da garanti. Sai wani sabon nau'in mai saye ya ƙaru, wanda ke ajiye jirgi a kwalinsa yana jiran farashi ya tashi.

Amma tarihin waɗannan shekaru ya nuna wane ne ya fi amfani ga sha'awar. Lokacin da kamfani ya rufe, kayan gyaransa suka ƙare, jiragen da suka ci gaba da gudu su ne na mutanen da suka saba kwance nasu. Su ne suka san wane injin wani kamfani zai shiga gurbin wanda ya mutu, su ne kuma a yau suke zana ɓangaren da ya karye a kwamfuta su buga shi da na'urar ɗab'i mai fitar da abu a tsaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wannan muhawara ɗaya ce da wadda ta kai Tarayyar Turai ga kafa dokar haƙƙin gyara kaya a 2024, dangane da wayoyi da injin wanki da makamantansu: abin da ka biya kuɗinsa amma aka hana ka buɗewa, mallakarka a kansa rabi ce.

Lissafin nan na ma'auni ya shafe mu ta wata fuska. Tsohon layin dogon da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, wanda a kan digar milimita 45 yake faɗawa kusan daidai a 1:24. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, mai faɗin 1,435 ne, wato 1:32. Manyan kamfanonin nan ba su sa jiragen Najeriya a kundinsu, domin babu masu sayen da za su mayar da kuɗin mazubi. Duk wanda yake son ganin jirgin tururin da ya riƙa jan taragun gyaɗa daga Kano zuwa Legas yana gudu a tsakar gidansa, ba shi da abin jira a watan Janairu. Zai nemi tsofaffin hotuna, ya tambayi dattawan da suka yi aikin reluwe a Zariya da Kafanchan tun suna da rai, ya ƙirga ƙusoshin da kansa, sannan ya sayi jirgin wata ƙasa ya ɗauki zarto.