Yoɗo, furen da muke takawa mu wuce



Mu da muka yi lakwal akwai wani abin kunya da ya kamata mu faɗa da bakinmu. Tun muna koleji muka haddace sunayen furannin Faransa, waɗanda har yau ba mu taɓa gani da ido ba. Amma a tambaye mu launin furen yoɗo, wanda muke takawa a hanyar gona, sai mu kama sosa ƙeya.

To ga shi. Yoɗo, da wasu ke kira karkashi, ɗan uwan riɗi ne. Furensa kamar ƴar ƙararrawa, fari ne da ya sirka da ja-ja, da zane-zane masu duhu a ciki. Jigawa yake so, ƙasa mai rairayi, irin wadda muke shuka hatsi. Ba mai shuka shi: ruwa na sauka yake fitowa, ya yaɗu a gindin hatsi. Iyayenmu mata su tsinko ganyen, a kaɗa miyar yauƙi da ƴar kanwa da daddawar batso, a shanya sauran don rani. Har kai suna wankewa da shi.

Bara da kaka mun je ɗaukar shirin manoma a wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba. Mun gama da maza, muna naɗe kaya, sai wata tsohuwa ta tare mu. Ta ce: "Ɗiyana, kullum zancenku hatsi da wake. Wa ya tambaye mu da mi za a ci tuwon?" Ta ce tana budurwa a bayan gida take cika ƙwarya da yoɗo. Yau sai jikarta ta yi nisa, ko a saya a kasuwa.

Wallahi mun rasa amsa, don mun san dalilin. Mutane sun yi yawa, gonaki sun haɗe, saura ta ƙare. Ga hauya a noman farko da maimai, ga feshin maganin haki da ya fara shigowa, wanda bai san miya ba, bai san haki ba. Abin da ya tsira kuma a tuge shi har saiwa tun bai yi iri ba. Wanda ya ga 2005 ya san ranar da ganyen daji ya yi wa gidaje da yawa. Idan wata shekarar ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, ina za a samo shi?

Tsohuwar nan ba kuka kawai ta yi ba. Ta kai mu bayan darninta, ta nuna mana ɗan wurin da bai fi tabarma biyu ba. Dabararta mai sauƙi ce. Idan kwanson ya bushe da kaka, a cire shi kafin ya fashe, a murje, a adana ƙwayar a gora. Ruwan shuka na sauka a watsa ta a rairayi, kada a binne da zurfi, kada a sa inda ruwa ke kwanciya. Wurin ɗiba a tsinki kai kawai, sai ya ƙara tofo. A bar gindi biyu ko uku su yi fure su yi iri. Mai garka kuwa yana iya ba shi ruwa da rani.

Mu ma mun gwada bana a tsakar gida. Rabi akuya ta cinye, laifinmu ne da ba mu kange ba. Sauran ya yi fure, yara suka zo suna tambayar sunansa.

Manoman jihar Maradi ne suka nuna wa duniya sassaben zamani: a ga tsiron gawo ko kalgo a bar shi ya tashi. Ashe ba zai gagare mu ba mu kauce wa gindin yoɗo da hauya. Maigida, tambayi uwargida kafin ka yi feshi, ita ta san abin da ke cikin gonar taka.

Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.