Tsakanin Kamarata da Wadda Nake Hange

Jama'a, wata uku ke nan ina juya magana ɗaya a raina: in sayar da kamarata in cika kuɗi in sayi DSLR, ko in haƙura da wadda Allah Ya ba ni. Kuɗin ba zai isa in riƙe biyun ba, a nan gizo ke saƙar.

Wadda ke hannuna Nikon P900 ce, ta shekarar 2015, irin kamarorin nan na tsaka-tsaki masu jikin manya amma gilashinsu a manne yake, ba a cirewa. Tana jawo abu har ninki 83. A shekarun da nake zuwa kallon Hawan Daushe, daga can bayan taro a Ƙofar Kudu nake tsayawa in ɗauko kwalliyar linzamin doki kamar a gabana yake, alhali masu manyan kamarori suna ta turereniya da dogarai. Har ramukan da ke jikin wata na ɗauka da ita. Kuma ko hunturu ya turnuƙe ba ruwana, tun da ba a buɗe ta balle ƙura ta shiga cikinta.

To me ya kawo maganar canji? Duhu. Faifan da ke kama haske a cikinta bai fi milimita 6 da 4 da rabi ba, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na Nikon D3500 kuwa kusan milimita 23 da rabi ne da 15 da rabi, wato faɗinsa ya ninka wancan fiye da sau 12. Da rana a fili ba lalle ka ga bambanci ba. Amma shiga ɗaki, sai hoto ya yi dishi-dishi kamar an watsa masa tsaki, fuska ta narke.

Ni kuwa a ɗaki abin da nake so yake. Hajiya, kakata, ta daina fitowa tsakar gida, iyakarta bakin gado, kusa da wata 'yar taga. Ba ta son walƙiyar kamara, tana cewa, "Kai ɗan nan, makantar da ni za ka yi?" Hotunanta da na ɗauka sun fi ɗari, babu ɗaya da tsagen fuskarta ya fito sosai, ga shi a danginmu ita kaɗai ta rage mai wannan tsage. D3500 da ƙaramin gilashi na milimita 35 mai buɗewa sosai, hasken tagar nan ya ishe ta.

Wani abokina ya ce in bar batun DSLR, yayinta ya wuce, kamfanoni sun koma ƙera marasa madubi. Gaskiyarsa, Canon ma tun 2020 rabonta da fitar da sabuwar DSLR, D3500 kuwa ta 2018 ce, an daina ƙera ta. Sai dai wannan ne ma ya sa ta hannu ta sauko inda irina zai iya taɓawa, ga gilasai tsofaffi birjik. Yayi ba shi ke ɗaukar hoto ba ai.

Abin da zan rasa na san shi. Ba sauran jawo nesa kusa, gilashin da zai yi rabin aikin P900 ya fi ƙarfin aljihuna. Ga tsoron ƙura duk lokacin da aka canja gilashi.

Dawakai za su sake fitowa wata shekarar. Na ce wa mai shagon ya duba min yawan hotunan da kamarar ta taɓa ɗauka, in bai wuce kima ba ya ajiye min ita zuwa Juma'a, zan kawo masa tawa ya yi mata kuɗi.