Motar Babanmu a Tafin Hannu

A kusurwar ɗakin karatuna akwai wani ɗan teburi wanda ba a ɗora masa littafi. Duk baƙon da ya shigo yakan tarar da shi cike da 'yan ƙananan wuƙaƙe da burushi da kwalaben fenti, a samansa kuma ga akwatin gilashi mai ɗauke da ƙananan motoci guda tara a jere. Tambayar da aka saba yi mini ita ce, "Na yara ne?" Idan na ce nawa ne, ni na harhaɗa su da hannuna, sai baƙo ya yi murmushi irin na wanda ba ya son ya ɓata wa mai gida rai. Wani abokin aikina da bai iya ɓoye-ɓoye ba cewa ya yi, "Haba Dakta, da girmanka?" Na daɗe ina bin wannan tambaya bashin amsa. Na zaɓi in biya shi a gabanku, ku ɗalibai masu shirin zama malamai, domin amsar ta fi shafar ku fiye da wanda ya yi tambayar.

Ba a ƙasar waje na fara ƙera mota ba. Kamar kowane yaron da ya tashi a ƙasar Hausa a shekarun 1970, da motar kara na buɗe ido. Bayan girbi mukan tsinto karan dawa, mu feƙe ɓawonsa siriri-siriri ya zama ƙusa, taushin cikinsa kuma ya zama katako. Tayoyi daga sakaina muke yanko su, ko daga tsohon silifas. Waɗanda suka ɗan girme mu sun wuce nan, su motar langalanga da ta gwangwanin madara suke yi, har da dogon sitiyarin waya da ake tuƙawa a tsaye.

A shekarar 1976 mahaifinmu ya sayi tsohuwar Volkswagen Beetle, wadda mu Bitil muke ce mata. Sitiyarinta a dama yake, saboda an shigo da ita kafin 1972, shekarar da Nijeriya ta koma bin hannun dama a kan titi. Wannan mota ita ce abin kallon unguwarmu. Da na kai aji huɗu, malamin aikin hannu ya ce kowa ya kawo abin da ya yi da kansa. Na shafe mako biyu ina ƙera Bitil ta kara, na tanƙwara mata ƙusumbin bayanta, na yi mata ƙofofi biyu masu buɗewa. Ranar da aka karɓi aiki, sai na ga abokaina kowa da tsintsiya ko faifai, mafi yawa sayowa aka yi a kasuwa. Malam ya ba su maki. Da ya zo kaina ya ɗaga motar ya ce, "Aiki aka ce ka kawo, ba wasa ba." Ya ajiye ta a ƙasa, aji ya fashe da dariya, kafin a tashi an tattake ta. Daga ranar ban sake taɓa kara da niyyar ƙira ba.

Shekara talatin bayan haka, a 2009, na je Jamus wani ɗan gajeren aikin bincike. Wata ranar Asabar ina yawo sai na tsaya a gaban wani kanti, na hango kwali mai hoton Bitil. Na shiga. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu yaro ko ɗaya a ciki. Dattawa ne masu furfura, wasu da tabarau a kan hanci, suna duba kwalaye kamar masu zaɓen littafi. A nan na fahimci cewa harhaɗa ƙananan motoci sha'awa ce mai tarihi da ƙa'idoji a ƙasashen Turai da Amurka da Japan.

Ya kamata a bambance iri biyu. Akwai ƙananan motocin ƙarfe da ake sayarwa a haɗe, irin su Dinky da aka fara yi a Ingila a 1934 da Matchbox da ta biyo baya a 1953. Waɗannan tarawa kawai ake yi. Akwai kuma waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa cikin kwali, an zuba su da roba, mai saye ne zai yanke su ya goge ya manna ya shafa fenti. Kamfanin Airfix na Ingila ya shiga wannan fage a 1949 da wata 'yar tarakta ƙirar Ferguson. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan kuwa da sana'ar katako ya fara a 1946, kafin daga baya ya koma roba. Kwalin da na saya na Tamiya ne, Bitil ƙirar 1966.

Ginshiƙin wannan aiki shi ne ma'auni. A jikin kwalin an rubuta 1:24, wato kowane santimita ɗaya na ƙaramar motar yana wakiltar santimita 24 na babbar. Tsawon Bitil ya ɗan haura mita huɗu, saboda haka tawa ba ta wuce santimita 17 ba. Akwai wasu ma'aunan, kamar 1:18 da 1:43 da 1:64. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar motar. Ma'auni ba ya sassauta wa kowa. Wayar fulogi mai kaurin milimita 7 dole ta koma kusan kashi ɗaya cikin uku na milimita. Idan ka sa wadda ta fi haka kauri, ido zai gane ko da mai kallo bai san dalili ba. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakaninta da motar karanmu: mu da ido muke awo, su da lissafi.

Yunƙurina na farko bai yi kyau ba, kuma laifina ne. Ban karanta takardar bayani ba, don na ɗauka wanda ya rubuta kundin digiri na uku ba zai rasa gane wasan roba ba. Ban san cewa gam ɗin wannan aiki narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama ɗaya ba. Na lafta shi a gefen gilashin gaba, gilashin ya dushe kamar idon da yana ta rufe. Na kuma fesa fenti da rana tsaka a lokacin hunturu, ƙura ta sauka a kai tun bai bushe ba, jikin motar ya yi kaushi kamar bangon ƙasa. Sai da na sake aikawa aka sayo mini wani kwalin. Daga nan na koyi bin mataki: a wanke robar da sabulu, a goge layukan da injin zubi ya bari da sanfefa mai laushi, a gwada kowane ɓangare kafin a sa gam, a yi shimfiɗar farko, sa'annan a fesa fenti sama-sama sau uku maimakon a lafta sau ɗaya. Yanayinmu ma ya koya mini nasa darasin. Da hunturu nakan yayyafa ruwa a daɓe bayan sallar Asuba, in yi feshi kafin iska ta taso, in kife roba a kai. Da damina kuwa laima kan sa fenti ya yi hazo, sai a jira ranar da gari ya washe. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa. A wannan teburi na ga gaskiyar maganar da idona.

Amma haɗa abin da ke cikin kwali rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne ƙarin ƙananan siffofi da za su mayar da motar kowa ta zama motar wani. Ni ba Bitil nake nema ba, Bitil ɗin babanmu nake nema, shi kuwa ya rasu tun 1998, motar ma an daɗe da sayar da ita. Abin da ya rage hoto ne guda ɗaya, baƙi da fari. Na fara da mayar da sitiyari daga hagu zuwa dama, wanda ya tilasta mini yanke allon gaba in juya shi. Na zare siraran wayoyi daga wata matacciyar rediyo na yi wayoyin fulogi guda huɗu, domin injin Bitil silinda huɗu gare shi, a baya yake, kuma iska ke sanyaya shi. Na ɗumama cokali na danna kafaɗar tayar baya ta hagu, don in fitar da lotsawar da amalanke ya yi mata a bakin kasuwa. Na daka jar ƙasa na shafa a ƙarƙashinta, saboda ban taɓa ganin motar nan ba tare da ƙurar hanyar garinmu ba.

Launi ne ya kai ni gaban mahaifiyata. Na ce, "Inna, wane launi ne motar Baba?" Ta ce, "Ruwan toka ce mana." Yayana da ke zaune ya ce a'a, ruwan bula ce da ta koɗe. Suka yi ta ja, har Inna ta ce, "Kai, ni da na shiga cikinta aka kai ni asibiti haihuwar autanku, ni za ka faɗa wa?" Daga wannan gardama labarai suka ɓalle waɗanda ban taɓa ji ba: bashin da Baba ya ci kafin ya saye ta, da daren da ta mutu musu a daji suka kwana a rugar Fulani. A matsayina na ɗalibin harshe kuma, na lura da yadda Bahaushe ke auna launi da abin da ya sani: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa. Na haɗa fentin da ya faɗa tsakanin maganar Inna da ta Yaya.

Haka kuma aikin ya kai ni garejin wani tsohon makanike, inda na je tambayar yadda cikin injin yake. Na ce, "Baba, ina lagireton Bitil yake zama?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai Bitil ba ta shan ruwa." Na fito da littafina cike da kalmomi: sitiyari, birki, kuloci, totur, salansa, fulogi, giya. Kowacce aro ce daga Ingilishi, amma dubi yadda harshe ya sarrafa ta. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa aka saƙa wasali a tsakani aka sami fulogi da kuloci, aka kuma rufe ƙarshensu da wasali. Abin da nake koyarwa a aji game da kalmomin aro, ga shi a bakin mutumin da bai taɓa shiga ajin ba.

Yanzu sai abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Wani dare ina manna fitilun motar, sai wani abu da na manta ya faɗo mini. A 1993, ina sabon malami a wata ƙaramar sakandare, na kama wani yaro yana wasa da motar waya a ƙarƙashin benci. Na karɓe ta, na lanƙwasa ta a gaban aji, na jefar ta taga. Na tuna tayoyinta na gaba suna juyawa idan an murza sitiyari, wato yaron ya gano da kansa dabarar da injiniyoyi ke zanawa a takarda. Ban tambaye shi yadda ya yi ba. Abin da aka yi mini ina ɗan shekara tara, shi na yi wa wani, ban ko ji a jikina ba. Ban san inda yaron yake a yau ba, ban kuma san ko ya sake ƙera wani abu ba. Hana wasa lokacin darasi daidai ne, amma da na ajiye motar a aljihun tebur na mayar masa bayan an tashi, da na tsare doka ban karya yaro ba.

Ba ina kira gare ku ku sayi kwalayen roba daga Japan ba. Suna da tsada, kuma ba a kowane gari ake samun su ba. Kara da waya da kwali da gwangwani sun isa. Malamin lissafi zai iya sa yara su auna motar shugaban makaranta, su raba kowane awo da 20, su ƙera ta. Malamin Hausa zai iya sa su tattaro sunayen sassan mota daga bakin makanikai, ko su rubuta bayanin matakan da suka bi, wanda shi ne rubutun bayani na ainihi. Malamin aikin hannu kuwa ya daina karɓar tsintsiyar kasuwa, balle kuɗi, a madadin aikin yaro.

Na kammala motar a 2011, na kai wa Inna. Ta ɗora ta a tafin hannunta ta daɗe tana juyawa, har yatsanta ya tsaya a kan lotsawar nan ta baya. Ta ce, "Har da wannan?" Sa'annan ta ce launin bai yi daidai ba, ruwan toka ce. Ta ƙi ba ni ita. Tana cikin kabad ɗinta tare da kwanonin aurenta, shi ya sa motocin da ke ɗakina tara ne ba goma ba.

Jinga

1. Bayyana ma'anar ma'aunin 1:24, sa'annan ka lissafa tsawon ƙaramar motar da babbarta ke da tsawon santimita 480.
2. Kawo kalmomin aro guda goma da suka shafi mota, ka nuna sauye-sauyen da Hausa ta yi musu.
3. Rubuta maƙala mai shafi biyu game da wani abu da malami ya taɓa yi maka wanda ba ka son ka maimaita wa ɗalibanka.