Haƙurin Bishof Ajayi

Kullum mu malamai mu kan ce wa yara haƙuri shi ne maganin duniya, su ce to, amma mun san abin da ke zukatansu. A ganinsu haƙuri halin rago ne, wanda ba shi da ƙarfin ramawa. To, 'yan makaranta, ku zo mu duba labarin Samuel Ajayi Crowther, ku yanke hukunci da kanku.

Yaro ne Bayarabe, mutumin Osogun. Cikin 1821 mahara suka fasa garinsu, suka kama shi, aka yi ta cinikinsa hannu hannu, har wata rana aka musanya shi da doki. Cikin 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin bayin da ya ke ciki, aka sauke shi a Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma cikin 1825. Bai sāke ganin mahaifiyarsa ba sai 1846, a Abeokuta.

Wanda aka yi wa haka, in ya riƙe ƙiyayya, wa zai ga laifinsa? Amma shi sai ya komo ƙasar da aka sayar da shi, ya duƙufa kan juya Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, ya rubuta littafin koyon Nufanci, ya yi ta hawa Kwara har Lakwaja da Bida. Sarkin Bida Masaba Musulmi ne, Ajayi kuwa Kirista, duk da haka suka ga girman juna. Cikin 1864 aka naɗa shi bishof a Kantabari.

Sai dai jarrabawar da ta fi zafi ta jira shi har ya tsufa, ba kuwa daga hannun 'yan cinikin bayi ta fito ba. Waɗansu samarin Turawan mishan ne, sa'o'in jikokinsa, suka zo Kwara da zafin kai. Cikin 1890 a Onica suka dakatar da fastocinsa a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Gaskiya akwai gyara cikin aikin, amma mu dai ba mu ga abin da ya halatta a kunyata dattijo haka ba. Masu goyon bayansa suna da yawa a Ikko da Saliyo, da ya so da ya tsage ikilisiya biyu ya tafi da rabi. Ya faɗi rashin yardarsa a fili, ya sauka daga kujerar kwamitin, amma bai fita daga ikilisiyar da ta raine shi ba. Rago ba ya iya wannan, gama sai mai ikon ramawa a ke cewa ya yafe.

Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891, aka ba Bature gurbinsa. Sai cikin 2014, shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishof Justin Welby ya tsaya a Kantabari, ya nemi gafara saboda abin da aka yi masa.